Ranar da Aka Tambaye Ni Sunan 'Yar Fari

Utaibiyya, Makka

Zuwa ga Yaya Ramlatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara da duk mutanen Fagge. Ya ƙafar taki? Mu nan sai godiya.

Kada ki yi mamaki don na rubuta na ɗauki hoto na turo miki. Maganar ba ta murya ba ce. Gidan nan ɗaki biyu ne, ko tari na yi sai an ji.

Babbar 'yarki ta wajena ta samu aikin jinya a wani asibiti, sai dai sun ce ta kawo takardar haihuwa mai hatimi kafin ƙarshen wata, in ba haka ba su ɗauki wata. Tata kuwa ruwa ya cinye ta tun muna unguwar Ka'akiyya, shekarar da ambaliya ta shigo mana har ƙarƙashin gado. Da maigidana Malam Rabi'u na raye, shi zai karɓo sabuwa. Tunda Allah ya yi masa rasuwa, aka ce sai uwa ta je da kanta.

To na je tare da ita. Muka karɓi lamba a ɓangaren mata har aka kira mu. Ma'aikaciyar yarinya ce ƙarama, ba ta girmi autata Raghad da komai ba. Ta duba iƙamata, wato katin zamana a ƙasar, na dangwala yatsa, duk lafiya lau. Sai ta ɗago ta ce in faɗi sunan 'yar da na haifa da bakina, wai haka ƙa'idarsu take a kan tsofaffin takardu.

Yaya, 'yar fari fa. Kuma mai sunan Hajiya, mahaifiyar Malam. Ni Shatu in buɗe baki in faɗa, ɗaki cike da mata? Na ce ga ta nan tsaye, a tambaye ta. Ta ce ni take tambaya. Na nuna sunan a jikin takarda da yatsa, ta ce ba nuni ta nema ba. 'Yar taki tana taɓa ni tana roƙona a hankali, ni kuwa na ja mayafi na sunkuyar da kai. Wata tsohuwar Balarabiya a bayanmu ta ce a fili wace irin uwa ce ba ta san sunan 'yarta ba. Ma'aikaciyar ta dube ni, ta dubi 'yar taki, ta turo mana takardunmu. Ta ce mu dawo mako mai zuwa, in aka sake haka sai an tura maganar bincike, shi kuwa watanni yake ci.

A taksi muka dawo gida ni da 'yar taki. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ke ma 'yar fari ce. Ki gaya mini yadda zan fahimtar da ita cewa kunya ce irin tamu, ba ƙi ba. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Shatu

Utaibiyya, Makka

Yaya Ramlatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gida, da fatan kin tashi lafiya. Na ji an yi muku ruwa, Allah ya sa mai albarka ne.

Saƙonki ya iso, sai da na shiga banɗaki na kunna famfo sannan na saurara. Ni na zaci za ki goya mini baya. Ashe ranar da Inna za ta cika, da kika zauna a kanta kina shafa mata ruwa, jira kike ko za ta kira sunanki sau ɗaya, ta kira nawa ta kira na sauran ƙannenki su Kabira, ke ta ce miki “ke”. Duk zaman da muka yi tare ban taɓa sani ba. Na ji kunyarki ƙwarai, Yaya, har ban san me zan rubuta a kai ba.

Amma ki bar ni in faɗi nawa. Ke kakarmu ce ta ɗauke ki tun yaye, kamar yadda ake yi. Ni a garin nan wa zan ba tawa 'yar? Ba uwa ba suruka. Ni na goya ta, ni na kai ta makaranta a ƙafa cikin ranar Makka. Abu ɗaya na iya riƙewa cikin abin da aka koya mana, shi ne bakina. Malam ma yana yaba mini a kai.

Ita ba ta ga haka ba. A nan aka haife ta, ƙawayenta iyayensu da sunan 'ya'yan fari ake yi musu alkunya, a ce uwar wane, su amsa da alfahari. Shekaranjiya muna karin kumallo, na kira sunan Raghad na ce ta miƙo mini burodi, sai babbar ta ajiye kofin shayinta. Da Larabci ta yi maganar, kin san in ransu ya ɓaci Hausar guduwa take. Ta ce aikin ba shi ya fi damunta ba. Ta ce tana ƙarama ta sha laɓewa a bayan ƙofa ta ƙi fitowa, don ta ga ko zan gaji in kira ta, ni kuwa sai in aiki wani ya nemo ta. Ta ce har a gaban hukuma na gwammace a ce ba ni na haife ta ba.

Na je Harami na zauna ina kallon Ɗakin Allah, na ce bari in gwada a cikin addu'a. Sai na tarar ko a nan ban taɓa faɗa ba. Kullum cewa nake Allah ka shirya mini babbar, ka san wadda nake nufi. Na motsa leɓe, harshen ya yi nauyi kamar ba nawa ba.

Gobe za mu koma. Ki sa ni a addu'a, ki gaida Alhaji.

Taki,
Shatu

Utaibiyya, Makka

Yayata Ramlatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Yaya jikin Alhaji, an samu sauƙin tarin?

Takarda ta fito, da hatiminta. 'Yar taki ta kai asibiti sun karɓa, farkon wata za ta fara aiki. Alhamdu lillahi.

Ma'aikaciyar nan dai muka sake samu, kuma ta gane mu. Da ta yi tambayar, na faɗa a ciki-ciki, ni kaina ban ji ba. Ta ce in ɗaga murya. Na rasa inda zan sa idona, kallon baƙuwar fuska ina faɗin sunan nan ya gagare ni, sai na juya na dubi yarinyar na faɗa. Ya fito da ƙarfi fiye da yadda na so, har matan layi suka waiwayo.

Yaya, sai ta amsa. Ba ita aka tambaya ba, ba kiranta aka ce in yi ba, amma ta ce na'am, da 'yar ƙaramar murya irin ta yaran da aka kira daga wasa. Mace mai shekara kusan talatin. Ma'aikaciyar ta buga hatimi ba ta ƙara tambayar komai ba. Ni kuwa na sauke mayafi har haɓa, don abin da ke zuba a fuskata ba na nunawa ba ne.

Kada ki sa rai zan rubuta sunan a nan, ban kai can ba. Sai dai 'yar taki ta samu abin yi. Jiya tana kicin na ce “ke”, ta yi kunnen uwar shegu da ni. Na sake, shiru, ina jin ƙarar cokali. Na tashi na rufe taga saboda maƙwabta, na tsaya a bakin ƙofa na kira ta yadda take so.

Don Allah kada mutanen gida su ji wannan. Sai dai ke, duk ranar da kika ji marmarin jin sunanki da muryar Inna, ki buga mini waya. Ni ba Inna ba ce, amma muryarmu ɗaya, kowa ya shaida.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Shatu