Hannun Baba a Jikin Itatuwa

Cáceres, 3 ga Yuni

Ƙanena Fulgencio,

Gaisuwa gare ka da Pilar da yara. Gaisuwar ke nan, saura faɗa.

Na biya ta gonar Baba ranar Lahadi. Waɗanne mahauta ka ɗauko su ɓare ɓawon itatuwa? Itace goma sha bakwai na ƙirga da saran gatari har cikin tsoka. Shekara tara ake jira ɓawo ya yi kaurin da za a yi murfin kwalba da shi, itacen da aka sara kuwa ba ya komawa daidai. Baba ya yi shekara arba'in bai ji wa ko ɗaya ciwo ba. Ina maña ɗin da ya koya maka? Ka dakatar da su kafin su gama da sauran.

Yayarka,
Herminia

Gona, 9 ga Yuni

Yaya Malama,

Muna lafiya, Pilar na gaishe ki.

Na sallame su, saura itace talatin. Amma maña ban taɓa samu ba. Ƙwarewa na samu, ita ana koyonta. Maña kuwa Baba cewa yake hannu ne ke jin inda ɓawo ya ƙare tun ido bai gani ba. Ke ya ce ya gan ta a hannunki kina shekara goma sha biyu. Kin tuna amsarki? "Hannuna na littafi ne, ba na gatari ba." Yanzu nawa rawa yake, ko cokali sai da dabara.

Ki huta lafiya,
Fulgencio

Cáceres, 14 ga Yuni

Fulgencio,

Ina gaisuwa. Me ya hana ka gaya mini zancen hannunka, sarkin zurfin ciki?

Na tuna. Ranar Baba rataye gatarin kawai ya yi. Shekara ashirin da shida ina rubuta wa ɗalibai kalmar nan a allo: iya aiki da hannu, sanin makama. Kaico, ni da aka ba ita kyauta na ƙi.

Kawu Eulogio da suka yi ɓarar ɓawo tare da Baba, yana iya tsayuwa har yanzu? Tambaye shi ko zai nuna mini aikin a kan talatin ɗin, kafin ɓawo ya kame a Agusta.

Yayarka,
Herminia

Gona, 20 ga Yuni

Yaya,

Gaisuwa. Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce hannun shekara hamsin da biyu ya makara. Da na tashi tafiya sai ya ce ki zo Asabar, itace ɗaya zai ba ki. In kin ji masa ciwo, a bar sauran sai baɗi.

Allah ya kawo ki lafiya,
Fulgencio