Yatsanki a Bangon Ɗaki

Assalamu alaikum Inna, tare da fatan Allah ya sanyaya makwancinki.

Albishirinki, hukumar 'yan sanda ta ga cancantar ɗanki. An tura mu horon ɗaukar hoton zanen yatsa, irin wanda ɓarawo ke bari jikin kwaɗo ko gilashi. Shiri kam ya tsaru: ga shayi da burodi, ga riga mai tambari, ga takardar shaida. Kyamara ce dai guda ɗaya, ita ma Oga ya kulle ta ofis don kada mu tsufar da ita.

Duk da haka na tsinci wani abu. Ba a haska zanen gaba da gaba, sai ya ɓace. Daga gefe ake kawo haske, a aje ma'auni kusa da shi, a saita kyamara sak.

Ran Juma'a na leƙa gida Ƙofar Guga. Da la'asar rana ta karkato ta tagar ɗakinki, sai ga bango ya cika da yatsu. Yaɓen nan ne da kika yi da hannunki, kina cewa ba za ki ba magini ɗakinki ya lalata maki ba. Gwaggo ta taya ki, amma na gane naki. Babban yatsan hagu, da tabon wuƙar yankan kuɓewa, can sama da inda gadonki yake.

Da yatsan nan kike latsa tumatir a kasuwa ki rage wa mai shi kuɗi. Da shi kike taɓa goshina in zazzaɓi ya kama ni.

Na ɗauka da waya har batir ya mutu. Ƙasa kawai ke fitowa.

Inna, na kasa zama wuri ɗaya. Yaya Sani ya sauke siminti, ran Asabar za a shafe ɗakin a sa 'yan haya. Na roƙe shi, ya ce bango bango ne. Na roƙi Oga aron kyamara, ya ce kayan gwamnati ba na hidimar gida ba ne. Ran Asabar ɗin kuma Oga yake aurar da 'yarsa, kuma ni aka ba aikin ɗauko jakar kyamarar zuwa wurin biki.

Allah ya gafarta maki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa mu a Aljanna.

Autanki, Lawal.

Af, Inna, daga ofis zuwa gidan bikin, in mutum ya ratsa ta Ƙofar Guga, ai ba a ce ya saki hanya ba, ko?