Ranar Da Aka Fitar Da Ni A Kan Ƙyaure

Zuwa ga Hajiya Rabi, uwar Balkisa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa, ya yalwata miki makwanci. Na san takardar nan ba za ta iso hannunki ba. Ko da kina raye ma ai miƙo mini za ki yi ki ce in karanta miki. Duk da haka zan rubuta, don maganar da ke cikina ba ta da mai saurare in ba ke ba.

Gida lafiya. Balkisa ta sauka a Yamai, an samu namiji, an ce hancinki ya ɗauko. Damina ta yi ƙarfi bana, kogi ya cika har ya taɓa gonakin shinkafa. Tumakinki suna nan, sun ƙaru da biyu. Babban labarin dai shi ne asirina ya tonu.

Abin nan da muka ɓoye ni da ke shekara da shekaru, yau babu wanda bai san shi ba a unguwa. Ƙabar nan nake nufi, wadda ta sauko mini tun ina jan kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Kwatano, ta yi ta girma har ta zama gwaiwa sosai. Kin ga yau har na rubuta sunanta, alhali ko tsakaninmu "abin nan" muke cewa. Ke kika riƙa ƙetare kogi zuwa Malanbil kina ba tela ɗinkin wanduna masu faɗi, kina cewa na yayanki ne da ke ƙauye, don kada telan unguwa ya auna ni. Ko ana zafin da kaji ke buɗe baki, ba na fita sai da babbar riga, har mutane suka ɗauka son girma ne. Na bar su a haka, don na fi so a ce mini mai girman kai da a ce mini mai gwaiwa. Sau nawa kika roƙe ni in je likita a yi mini aiki? Kin tuna amsata? Na ce da in kwanta tsirara a gaban yara sa'o'in Balkisa, gara a wuce da ni kushewa. Da ƙarfi na faɗa kuwa, kamar wata bajinta.

Wata Talata ce da hantsi. Na sunkuya na ɗaga buhun dusa zan ba tumaki, sai na ji wani abu ya murɗa mini a ƙasa. Kin san da can in ta sauko nakan kwanta in lallaɓa ta da hannu ta koma. Ranar ta ƙi. Ta yi tauri, amai ya biyo baya, zufa ta karyo. Mai hankali maƙwabci zai kira. Ni kuwa na ja jiki na shige ɗaki, na sa sakata, na tuɓe riga, na shanye ragowar jiƙon sassaƙen da nake sha dominta. Salula na kusa da kaina, ban taɓa ta ba. Wallahi Hajiya ina jin mutuwa na matsowa, amma tunanina duk yana kan masu wankan gawa: wa za a sa, kuma ko zai iya riƙe bakinsa.

Hamsatu ce ta gano ni, aminiyarki ta bayan katanga mai suyar kifi. Tun da kika tafi ba ta fasa miƙo mini kwano ba. Ta ji tumaki na ta kuka har azahar, ta leƙo ta ga buhu a yashe, takalmana a bakin ƙofa. Ta yi sallama, na yi shiru da gangan, amma nishi ya tona ni. Kin dai san muryarta. Ta kwarma ihu da Zabarmanci da Hausa a haɗe, kuma kafin in jawo zane in rufa, Garba mahauci ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙyauren.

Garba fa, Hajiya! Duk faɗin Gaya a rasa wanda zai fara ganina sai Garba, mutumin da ya laƙaba wa kowa suna a fadarmu ta shayi, wanda ko liman bai tsira daga bakinsa ba. Ya tsaya a kaina. Na ga idonsa ya sauka wurin, sai na rufe nawa.

An yi ruwa kwana biyu, lungunmu ya caɓe, mota ba ta iya shiga. Sai aka ɗora ni a kan ƙyauren nan da aka ɓalle, Hamsatu ta cire mayafinta ta rufa mini, maza suka ɗauka a kafaɗa. Rana tsaka, ta gaban masallaci, ta gaban fada, mata na leƙowa daga zaure suna salati. Mayafin shara-shara ne, bai ɓoye komai ba. Na ji wata tsohuwa na tambaya ko na cika ne. Na so ƙwarai a ce mata e.

A gidan likita, lokotoro ya duba ya ce hanji ne ya shaƙe, in aka kai magariba ba a buɗe ba sai dai wani labarin. Ya tambaye ni tun yaushe nake ɗauke da ita, na rage shekarun. Yarinya ce ta aske ni, ba ta ma kai Balkisa ba. Ko a jikinta. Tana yi tana hira da abokiyar aikinta a kan tsadar albasa. Abin da na yi rabin rayuwata ina gudu ke nan, bai kai tsawon shan shayi ba.

Sauran sai bayan na farfaɗo na ji. An nemi jini, ƴan kabu-kabun bakin tasha suka jingine baburansu suka yi layi, yaran nan da nake zagi kullum saboda gudu a lungu. Liman ya yi sanarwa bayan la'asar, ya ce ciwon ciki ne ya kayar da Alhaji Sani, kowa kuma ya san rufa mini yake yi, Allah ya saka masa. Ordinansi, takardar sayen magani, ko ɗaya ban gani da idona ba. Majo mai jinya na rubutawa, wani hannu na karɓa, magani na zuwa. In na tambaya a ce in ji da kaina. Balkisa na cikin jego, Hamsatu ta hana a gaya mata sai da aka ga na fara shan kunu.

Da aka sallamo ni na tarar an mayar da ƙyaure, an share gida, an yi wa tumaki rumfa. Matan unguwa suka raba kwanaki a tsakaninsu, yau romon kifi, gobe tuwon shinkafa mai laushi. Har Bafulatanar nan ta wajen Bengu da kike ciniki da ita ta riƙa ajiye mini nono, ta ƙi tsayawa a yi maganar kuɗi. Wanka kuwa Garba ne ya ɗauka. Ya bar wa ƙanensa teburin nama, ya zo ya tallabe ni zuwa bayan ɗaki, ya cuɗa mini baya, ya zubar da fo. Kullum ina jiran ba'ar, ina cewa yau zai sako ta. Ko sau ɗaya bai yi ba. Da ya yi ma da na ji sauƙi, don shirunsa ya fi bakinsa ciwo.

To ga inda kunyar take, Hajiya. Ɗinki ya warke, lokotoro ya ce in riƙa tattaki, na ƙi fita. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. In na ji sallamar masu dubiya sai in juya bango in yi kamar barci. Mutanen da suka ɗauke ni a kafaɗa, na kasa haɗa ido da su. Har na fara shawarar in sayar da gidan nan in koma Yamai wurin Balkisa, inda ba a san ni ba. Akwai butulcin da ya wuce wannan? Jinin ƴaƴansu na yawo a jikina, ni kuma ina neman hanyar guje musu, laifinsu kawai sun gan ni.

Hamsatu ce ta gaji. Wata rana ta shigo da kwano ta ƙi ajiyewa, ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu. Ta ce ita fa shirun gidan nan ya ishe ta, ya riga ya ci mutum ɗaya, ba za ta zuba ido ya ci na biyu ba. Na ce wane mutum? Sai ta gaya mini. Ta ce kin nuna mata ƙullutun nan na ƙirjinki tun yana ƙarami, tun bai fara ciwo ba. Ta ce ta yi ta fama da ke ku je likita, kika ce da wane baki za ki ce wa Alhaji ya kai ki maza su duba ƙirjinki, shi da ya rantse gara mutuwa da a buɗe shi? Kika ce in kin je kin kunyata ni ke nan, kamar kin nuna kin fi ni zuciya. Kika sa ta yi miki alkawarin ba za ta faɗa ba. Ta ce yau ta karya, in ya so ku yi shari'a a can.

Gaskiya ne, Hajiya? Ranar nan a Doso da lokotoro ya ce mun makara, na tambaye ki me ya hana ki faɗa da wuri, kika ce ba ki so ki tayar mini da hankali ne. Na karɓi amsar hannu biyu, don ta yi mini daɗi. Har nakan ba mutane labarin haƙurinki. Ashe a wurina kika koya. Ina ta tinƙaho da rantsuwata a tsakar ɗaki, ban san akwai mai saurare tana auna kanta da ita ba. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ba na jayayya da Ubangiji. Amma ciwon da kika sha ke kaɗai, kina dafa mini abinci da hannu ɗaya kina cewa sanyi ne, wannan da sa hannuna a ciki. Na yi kuka ranar, irin wanda ban yi ba ko da aka sa ki a ƙasa.

Bayan haka da ƴan kwanaki Garba ya zo, alhali na daina buƙatar mai wanka. Ya zauna bakin tabarma yana tsinkar zare. Ya tambaye ni ko ana jin wuƙar. Ya tambayi allurar baya. Ya tambaya ko da gaske mata ne ke askin. Na ce a raina, mahauci da tsoron wuƙa? Can sai ya rage murya ya ce in taimaka in gaya masa sunan sassaƙen da nake jiƙawa. Nan na gane dalilin shirunsa. Tasa a hagu take, ba ta kai tawa ba, amma ta fara gardamar komawa. Ko matarsa bai bari ta gane ba.

Na zage shi tas, irin zagin da ya daɗe yana bina. Sannan na ba shi labarinki daga farko har ƙarshe, kuma shi ne mutum na farko da na faɗa wa da bakina. Ya ce shi ba zai iya ba, duk garin nan babu wanda bai tsokana ba, ranar da aka ji sun samu nama. Da ƙyar ya yarda, amma wai sai in ni zan raka shi, kuma da sassafe ta bayan gari. Na ce a'a, da hantsi za mu tafi, ta babbar hanya, a ƙafa.

Jiya muka je. Da muka iso fada mutane suka miƙe ana barka da fitowa, wannan ya kama hannuna, wancan ya jawo mini benci. Sai mai shayi ya tambaya ina muka nufa haka da rana. Na ga Garba ya fara inda-inda, goshinsa ya jiƙe. Ban san lokacin da na ɗaga murya na ce za ni in nuna wa lokotoro ɗinkin gwaiwata ne ba, Garba rakiya ya yi mini. Can wani dattijo ya tuntsire da dariya, kowa ya ɗauka, ni ma na dafe ɗinki ina yi. Wani ya ce ai Alhaji ka rage kaya, yanzu ko ƴan duwan na bakin iyaka ba za su tsayar da kai ba. Shi ke nan fa. Na sha shayi rabin kofi muka wuce.

An duba Garba, an sa masa rana bayan sati biyu. Na ce masa wanka nawa ne, fo ma ni zan zubar, kuma ba zan yi masa shiru kamar yadda ya yi mini ba. Maganar sayar da gida na bar ta.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne hanyar, Hajiya. Ba ta da nisa ko kaɗan. Daga ƙofarmu zuwa ƙofar likita, ni mai sabon ɗinki, ko hutawa ban tsaya yi ba. Na yi wa mahaucin unguwa wannan rakiyar, ke ban yi miki ba. Da kin ga na taka ta sau ɗaya, na san da kin biyo ni.

Ki yafe mini. Ban roƙe ki kina da rai ba, don ban san ina da abin roƙo ba. Allah ya jiƙanki, ya sa ciwon da kika ɓoye ya zama kaffara, ya haɗa mu inda babu abin ɓoyewa. Sai na zo.

Ni ne mijinki,
Sani direba, baban Balkisa,
daga gidanki na Gaya.