Na'urar da Ake Ɗora wa Jinjirarka a Ciki

Zuwa ga autana Sani,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ya aiki, ya zafin Arlit? Mutanen Dungas duk lafiya lau, an gama yankan hatsi.

Bayan haka, har yanzu muna asibiti a Damagaram ni da matarka Hadiza. Bakwainiyar ƴarka tana cikin kwalba, ta hanci ake ba ta nono, kuma ta yi ta amayar da shi. Shekaranjiya wani lokotoro, wato likita, ya turo na'urar ekografi, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Ya shafa wa jinjirar wani abu mai sanyi a ciki, ya ɗora na'urar, yana kallon allo yana rubutu. Bayan rabin awa ya sake dawowa.

Na ce, "Malam, me kake nema a cikin da bai kai ludayi ba?"

Ya ce, "Inna, ina auna yadda nono ke barin tumbinta ne, don mu san iyakar abin da za ta iya ɗauka."

Raina bai kwanta ba. In magani ne, don me yake bin jinjiran ɗakin duka yana rubuta su a littafi guda? Hadiza ta ce in bar shi, ai sun rage mata nonon kuma aman ya tsaya. Gaskiya ne ya tsaya, amma duk zuwansa ina tsaye a kansa.

Kai da ka ji Faransanci, Hadiza za ta haɗa ka da lokotoron a waya. Ina so in ji ko abin da ya gaya mini shi zai gaya maka.

Ka sa jinjirar a addu'a. A gaida kawunka Issufu da iyalinsa.

Mahaifiyarka,
Rabi