Abin Wuyan Ƙyale

Sundimina, ranar Talata

Zuwa ga Baban Muhsin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aikin Kano? Mu nan lafiya lau, Muhsin ya fara haƙora.

Hankalina a tashe yake. Mahaukacin kare ya ciji wata yarinya a ƙauyen gabanmu, sai mai unguwa ya sa aka yi shela: ranar Asabar maharba za su zagaya, duk karen da ba abin wuya za su ɗauka ba mai shi, su harbe. Karenmu Ƙyale kuwa, da ke korar mana birai a gona, wuyansa fayau yake. Na zarga masa igiyar akuya, ya yi ta fizga har idonsa ya firfito, da ƙyar na kwance. Mahaifinka yana zaure yana kallo, bai ce uffan ba. Ka san Baba Malam, ko inuwar kare ba ya so kusa da buzunsa. Ka yi mana addu'a.

Taka,
Safara'u

Sundimina, ranar Lahadi

Baban Muhsin,

Ina gaishe ka da kyau, ya jiki, ya gajiya? Albishirinka, Ƙyale na nan da ransa.

Ashe shirun Baba ba na banza ba ne. Laraba da safe na leƙa na gan shi tsugune yana auna wuyan Ƙyale da zare. Ya hau acaɓa har Gwaram wajen wani baduku, duk da ciwon gwiwarsa. Muslim, mai acaɓan, ya ce fata uku Baba ya mayar: ɗaya ta yi tauri za ta ci wuya, ɗaya siririya, ɗaya an rina ta. Ya zaɓi mai faɗi mai laushi. Da ya dawo, da hannunsa ya ɗaura wa Ƙyale, ya zura yatsu biyu tsakanin fatar da wuyan, ya sassauta, ya sake gwadawa. Baba ya ce wanda ya ci geron da kare ya tsare, haƙƙin karen na kansa. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Jiya maharba suka zo, suka duba, suka wuce.

Yanzu Ƙyale ba shi da wurin kwana sai ƙofar zaure. Baba yana ta korarsa kamar da, amma na lura ba ya ɗaukar sanda.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Safara'u