Na Share Lissafin Mijina Don In Karanta Babin Ƙarshe

Anti, don Allah ki cece ni, kwana huɗu ke nan ko abinci ba ya min daɗi.

Watanmu bakwai da aure. Ni da littattafan soyayya na taso, na ɗauka miji in ya dawo aiki tsayawa yake a bakin ƙofa yana kallon matarsa. Nawa wucewa yake ɗakin baƙi, ya dafa kwamfuta ya ji ko ta yi zafi. Ni ko goshina bai taɓa dafawa ba. Aikinsa lissafi ne, irin wanda amsa ɗaya ke da lambobi dubu biyar bayan ɗigo. Ya taɓa min bayani cewa manhajarsu tana ajiye duk abin da ta riga ta lissafa a memori, don kada ta maimaita wahala. Na ce to, hankalina na wani wuri.

Ran Talata wayata ta lalace, ga shi saura min babi ɗaya a littafin da nake karantawa a cikinta, jarumin na filin jirgi yana neman masoyiyarsa. Na buɗe kwamfutar maigidan, ta ƙi motsi, fankarta sai gurnani. Saƙo ya fito cewa memori ya cika, ga maɓallin share ajiya a gefe. Anti, ni mai son tsafta ce. Na danna. Nan take ta saki jiki, na karanta babina har da hawaye.

Ashe aikin kwana goma sha tara na share. Yanzu ya rantse kuskuren daga ɓangaren manhajar da abokin aikinsa ya rubuta ne, kuma ran Litinin zai kai ƙararsa wurin ogansu. Kullum ina zama gabansa ko zai dubi idona ya gane, ya yafe min ba sai na furta ba. Allo kawai yake kallo! Ko in yi shiru? Ai lambobi ne, za su sake fitowa.

Taki,
Amarya Mai Tsafta

Ƙanwata, kin ba ni haushi, ba zan ɓoye miki ba. Danna maɓallin kuskure ne, kowa na iya yi. Shirun kwana huɗu kuwa zaɓi ne, kuma wani bawan Allah zai tsaya gaban oga ran Litinin yana kare laifin da bai san da shi ba. Lambobi za su dawo, mutuncinsa fa?

Ki daina jiran mijinki ya karanta idonki. Mutumin da ke bin lamba ta dubu biyar bayan ɗigo, magana a fili yake ganewa. Yau ki gaya masa: ranar, lokacin, saƙon da ya fito, maɓallin da kika danna. Wannan bayanin zai fi masa amfani a kan kuka.

Shi ma yana da nasa. Wa ke barin wahalar kwana goma sha tara a memori kaɗai? Ɗauke wuta ma zai iya yin abin da kika yi. Ya sa manhajar ta riƙa sauke sakamako a faifan ajiya na kwamfuta lokaci-lokaci, ya iyakance mata memorin da za ta ci, ya sa wa kwamfutar makulli. Amma wannan ki bari sai ya huce, kada ki haɗa shi da ban haƙuri. Zancen goshinki ma sai lokacin.

Zai yi fushi, ki jure. Allah ya daidaita tsakaninku. Ki ajiye jaridar nan, ki tashi ki same shi kafin ya kira ogan.