Ruwan da Na Zuba wa Bilyana

Zuwa ga Yayata Stoyanka,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya a can Valencia ta ƙasar Spain, ke da tsohuwar da kike jinya. Allah ya ƙara miki haƙuri da ita, ya sauƙaƙa ciwon bayan nan naki. Mu nan lafiya lau. Mama ta warware daga tarin, har ta koma faɗa da kowa, kin kuwa san alamar lafiyarta ke nan. Sati guda muna gasa tattasai a tsakar gida, gashina da labulaye duk ƙauri suke yi. Mijina Tihomir kullum yana gonar kakanmu, wai yana taya kwasar 'ya'yan itace, amma ci ya fi yawa.

Yaya, ranar Lahadi kin tambaye ni a waya yadda 'yarki Bilyana ta koma makaranta, na ce lafiya, na yi maza na miƙa wa Mama wayar. Kunya ce ta hana ni magana, shi ya sa nake rubutowa.

Kin san an rufe makarantar ƙauyenmu saboda yara sun yi kaɗan, aka mai da waɗanda suka rage cikin gari, inda ba wanda ya san mu. Ran sha biyar ga Satumba, ranar bikin buɗe makaranta, na raka Bilyana aji huɗu. Farar rigar da kika aiko ta yi mata cif, na yanko mata fure bakwai a lambun Mama don malamarta. Da aka gama jawabai aka kaɗa ƙararrawa, sai malamar ajinsu, Malama Ilieva, ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon tagulla cike da ruwa. Ta ce bana ba ita za ta zuba ba, kowace uwa ta zuba a gaban ɗanta, don karatu ya tafi masa kamar ruwa. Waɗanda iyayensu mata ba sa nan kuma su koma gefe, ita za ta zuba musu a ƙarshe. Yara shida suka ja gefe da kakanninsu, kowa kansa a ƙasa. Da ta kira sunan Bilyana sai ta dube ni, ta yi murmushi, ta ce ai ba sai an tambaya ba, idanunmu iri ɗaya, ni ce mahaifiyar ko? Yaya, na ce e. Na karɓi kwanon, na zuba, yarinyar ta taka ta shige.

A motar komawa gida ta riƙe hannuna gam, ta roƙe ni kada in gaya wa malama gaskiya. Ta ce ta gaji da a riƙa ce mata uwarta a cikin waya take zaune, a wannan makarantar tana so ta zama kamar kowa. Ta ce ai ke ba za ki sani ba. Na buɗe baki in tsawata mata, to da wane bakin? Ni na koya mata. Magana zarar bunu ce. Jiya a bakin ƙofar makaranta ta kira ni Mama a gaban sabuwar ƙawarta, na kuma amsa.

Zan iya ce miki tausayinta ne ya sa, don kada ta tsaya a gefe, kuma na san za ki yarda, don ke ba ki da zargi. Amma ba haka ba ne. Ban ma dubi fuskarta ba kafin in amsa. Shekara goma sha biyu da aure ban haihu ba, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar, kuma da aka yi, daɗi na ji, daɗin da har yanzu bai gama fita daga jikina ba. Kina can kina yi wa uwar wasu wanka don 'yarki ta sa takalmi, ni da kika ba amana na tsaya a gurbinki ina washe baki. Tir da ni.

Ranar Litinin zan je in sami Malama Ilieva in faɗa mata ni ƙanwar uwa ce. Bilyana za ta yi fushi da ni, ƙila ta daina yi mini magana, zan jure. Abu ɗaya nake roƙonki: in kin kira, kada ki yi mata faɗa, shekararta goma. Faɗan nawa ne, ki yi mini shi yadda kika ga dama.

Mama tana gaishe ki, ta ce ki daina aiko mata da maganin shafawa, ki zo da kanki. Tihomir da Kawu Radko suna gaisuwa. Ki gaida Velichka da kuke ɗaki ɗaya. Bilyana ba ta san na rubuto ba, don haka ban sa gaisuwarta ba.

Ƙanwarki mai neman gafara,
Nevena, Antin Bilyana